Sabulu Mai Igiya

Ku matso kusa, ku ara mini kunne. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce. A gidana ya faru, a kan idona, kuma har a kai ni makwancina ba zan manta da shi ba. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubutawa, to a rubuta shi yadda na faɗa.

Ƙauyenmu yana kusa da Dangora. Maigidana, wanda zan kira Malam kamar yadda bakina ya saba, manomi ne, kuma mutum ne mai tsabta ƙwarai. Tun ina amarya ban taɓa ganin Juma'a ta zo bai yi wanka da sabulu ya shafa turare ba. Sai wata kaka, ana cikin karyar masara, ya faɗi a gona. Allah ya tashi kafaɗunsa, baki ya dawo, ƙafa ta ɗan dawo yana dogara sanda, amma hannun dama ya tafi ke nan.

Ya koyi cin tuwo da cokali a hagu, alwala kuma ana taya shi. Wanka ne ya gagara. Da ya jiƙa sabulu sai ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, shi kuwa ba ya iya sunkuyawa. Ran da ya gwada, can ya zube a makewayi ya yi shiru, sai da na ji shirun ya yi yawa na leƙa. Babban ɗanmu ya ce zai riƙa yi masa, ya ƙi. Ni ma da nake matarsa, idan na shiga taya shi sai ya juya fuska ga bango, ya wuni bai ce mini uffan ba. Daga nan ya daina zuwa masallacin Juma'a. Ya ce ƙafa ce, amma ni na san ba ita ba ce. Ba ya son ya tsaya a sahu wani ya ji warin jikinsa.

Sai na yi dabara irin tawa. Na sa ƙusa a wuta na huda sabulu, na zura igiyar rama, na yi mata maɗauri ya riƙa ratayawa a wuyan hannu. Yakan ɗan yi amfani, amma da sabulun ya fara sirancewa sai ya tsage daga wajen hujin ya rabu biyu, mu koma inda muka fito. A bayan rumbu nake shanya shi, don ko matan 'ya'yana ban so su gani ba.

Ana nan sai mai unguwa ya aiko cewa ga baƙi daga wani kamfanin sabulu na Kano, suna so su yi 'yan kwanaki suna wuni a gidajen mutane. Biyu suka faɗo gidanmu: wata yarinya mai sanyin murya, da wani dattijo mai furfura a gemu wanda shi ke kula da injin da ke yanka sabulun. Yarinyar ta shigo cikin gida wurinmu, dattijon ya zauna a zaure da Malam. Sun kawo mana sabulunsu, mai ƙamshi, sumul kamar ƙwai. Washegari ta tambaye ni yadda muka ji shi, na ce madalla, ba mu taɓa samun irinsa ba. Alhali kuwa a santsi ban ga na biyunsa ba, ko ni mai hannu biyu sai da na bi shi ƙasa. To amma mu haka muka tashi, baƙo ba ya kawo maka abu ka dubi idonsa ka ce bai yi ba.

Ta yi murmushi ta ce, "Inna, duk gidan da muka shiga madalla ake ce mana."

Ta ba ni labari cewa a da sai su zauna a ofis su ƙera abu, sannan su fito su tambayi mutane, kowa ya yaba, kaya kuwa su kwana a shago. Yanzu an sake tsari, an ce kafin a ƙera komai, kowa, babba da yaro, sai ya je ya zauna da masu amfani da kayan ya gani da idonsa. Daga ranar ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta ɗaura zani ta taya ni wanke-wanke da surfe, idonta dai yana yawo. Dattijon kuwa mita kawai yake yi a zaure, wai tun ba a haifi yarinyar ba yake yanka sabulu, yanzu an tilasta shi zuwa kallon kaji. Da Malam ya gano Bazazzage ne, sai wasan Bakano da Bazazzage ya tashi tsakaninsu, ba ya kiransa sai da bawana.

Wata rana ta zagaya bayan rumbu neman tsintsiya, sai ga ta da guntun sabuluna a tafin hannu, ta rufe shi da gefen mayafi don kada matan gida su gani. Na ce mata wasan yara ne. Ba ta ja ba, ta koma ta ajiye shi. Sai da za ta tafi da yamma ta rage murya ta ce, "Inna, in sirri ne, na bar shi inda na gan shi. Amma in mai shi ya yarda, ina so in ji."

Na rasa yadda zan yi. Sirrin ba nawa ba ne, na mijina ne. Da dare na kai masa maganar. Da hantsi ina shara sai na ga ya dogara sanda ya zagaya bayan rumbu da kansa, ya ɗauki abin ya nufi zaure. Na matsa jikin bango ina saurare. Na ji ya ce, "Bawana, ga wankan ubangidanka. Naka sabulun na masu hannu biyu ne."

Sai Bazazzagen ya aiko a ba shi bokitin ruwa. Ashe hannunsa na dama ya cusa cikin mazagin wando ya ɗaure, ya ce zai wanke wuya da hagu kaɗai. Ko kumfa bai tayar ba sabulun ya yi tsalle ya fice ƙofar zaure, ya dira gaban akuya. Jama'a, a nan na ji dariyar Malam, dariyar da ban ji ba tun faɗuwarsa. Na jingina da bangon ina share ido da bakin zani. Da dariya ta lafa sai na ji dattijon ya ce a hankali, "Baba, ban sani ba. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba."

Daga ranar zauren ya koma wurin aiki. Suka sayo sabulun sanda a shago suna sassaƙa da wuƙa, Malam yana gwadawa. Yarinyar ta kafa doka: duk wanda ya ce madalla alhali abu bai yi ba, za a ci shi tarar goro. Ni aka fara ci. Wani suka yi masa huji a tsakiya, ya tsage kamar nawa. Wani suka yi masa gurza-gurza, Malam ya ce wannan ai magogin rogo ne. Duk wanda ya lalace sai na ga suna murna, wai sun ƙaru. Har suka tafi ba a dace ba, na ce a raina shi ke nan, baƙi sun koma gida.

Sai ga su sun dawo bayan an gama shigar da amfanin gona, ranar wata Juma'a. Sabulun da suka kawo yana da ƙugu, inda yatsu za su zauna, igiyar kuma ba huji aka yi mata ba, a cikinsa aka binne ta tun daga wannan kai zuwa wancan. Dabarar Bazazzagen ce. Yarinyar ta ce shi da ya fi kowa mita, shi ya tara manyansu a kamfani ya ɗaure wa kowa hannu ya ba shi bokiti.

Na kai ruwa makewayi. Malam ya rataya igiyar ya shiga, ya ja ƙyaure. Na tsaya a waje kunnena yana jiran ƙarar faɗuwa, amma ba na jin komai sai zubar ruwa. Da ya fito bai dube ni ba, sai ya ce, "Ruwan nan naki ya yi zafi da yawa. Ina farar rigata?"

Ranar da ƙafarsa ya je masallaci, sanda a hagu, bawansa a dama yana riƙe masa darduma.

Yarinyar ta yi aure, ta kawo mini jaririnta na sa masa albarka, kuma har yanzu gidajen mutane take bi. Bazazzagen ya ajiye aiki, amma na ji an ce duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, sai an ɗaure masa hannu ranar farko. Sabulun nakan gan shi rataye a kasuwa, masu tsohon ciki da tsofaffi irina suna saye. Ni kuwa ga ni, na koyi cewa faɗa wa mutum abinsa bai yi ba, wani lokaci shi ne karamcin, kuma mai son taimakonka da gaske zama yake yi kusa da kai ya jira, har ka buɗe masa da kanka.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma tun daga waccan Juma'ar babu hannun da ya sake yi masa wanka, sai wankan ƙarshe.