Ruwan da Ya Biyo Bayan Wutarmu

Ranar Talata ce. Na tashi da hantsi, don ni ba a taɓa kama ni da laifin sammako ba. Matata Hajara ta dama kunu, ta ajiye min 'yarmu mai shekara biyu, ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Ƙauyenmu a gindin dutse yake. Da rani rafin yashi ne zalla. Mata kan tona rami a tsakiyarsa har iya ƙugu, su shiga su zauna suna kwalfar ruwan da ke tsatsowa.

Zamanin kuɗin fetur ne. Samari duk sun tafi birni aikin kwalta da gini. Ƙanena ya aiko min agogo daga Legas, na ɗaura, na yi ta ɗaga hannu ko ba a tambaye ni ba. Aji biyu na yi a makaranta, amma agogo kam na iya shi. Shi ya sa yau, ina zaune gidan 'yar tawa a Plumstead, can ƙasar waje, zan iya gaya muku ƙarfe nawa komai ya faru.

Wata biyu kafin nan, mu biyar muka sa wa dutsen wuta don farautar gafiya. Kowace shekara ana yi, amma a da samari ke share iyaka su tsare wutar da ɗanyen ganye. Wannan karon babu su. Kwana huɗu tana ci, ciyawa da itatuwa har ƙoli. Dutsen ya koma kamar gindin tukunya. Gafiya uku aka samu. Ni ko wutsiya.

Tun kakanni mun san abu ɗaya: in aka yi ruwa a kan dutse da hantsi, ba ya isowa rafi sai bayan azahar. Ashe ciyawa ke riƙe shi. Ba wanda ya taɓa gaya mana.

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma hadarin farko na shekara ya sauka a ƙolin dutse. Mu a ƙasa rana ake ƙwallawa. Baba Liman ya leƙo zaurena.

"Mai agogo, a kira matan nan ne?"

Na ɗaga hannu na duba, har da gyaran murya. "Da saura, Baba. Sai ƙarfe biyu."

Sha biyu saura kwata karnuka suka fara haushi. Sai warin jiƙaƙƙiyar toka. Sai wata ƙara kamar manyan motoci na juye tsakuwa, ba tsayawa. Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin tabarmata.

Ba ruwa ba ne. Baƙin taɓo ne mai kauri, ɗauke da duwatsu da ƙonannun kututture. Ya cika rafin, ya haura gaɓa, ya shigo gidajen gangare. Na ga rumbun maƙwabcina yana tafiya a tsaye.

"Tudu! Ku yi tudu!"

"Ku bar awakin!"

Na suri yarinyar. Shekaru na yi ina gaya wa mutane na fara nufar rafi, aka riƙe ni. Ba wanda ya riƙe ni. Tudu na yi.

Sha biyu da kwata ƙarar ta lafa. Muna tsaye a tudun kasuwa. Gadar rafin ta tafi. Muka bi ta gonaki a ƙafa, muka isa garin gaba bayan la'asar, aka sauke mu a makarantar firamare.

Mata bakwai ne a ramukan ranar. Biyu sun fita. Kwana uku muna bin gaɓa da sanduna muna caccakar taɓo. Mun sami huɗu, mun yi musu sutura. Babu Hajara a cikinsu.

Rana ta huɗu wani masunci ya zo daga ƙasan rafi. Ya ce ya tsinci wani zane a maƙale a ƙaya. Ya tambaye ni wane iri Hajara ta ɗaura.

Ban sani ba. Da ta ce min ta tafi, ban ɗago kai daga ƙwaryar kunu ba.