Mai Ɗaga Duwatsu da Tunani

A tashar jirgin ƙasa, kusa da ni, wani dattijo ne zaune, kwat a goge, tabarau a ƙarshen hanci. Irin shugaban nan ne, ina jin, da in ya shigo ofis ma'aikata ke ɓoye wayoyinsu. Yau shi waya ta kama.

Ina satar kallo. Wasa yake yi: wani ɗan mutum mai ƙaton kai yana tsalle daga tudu zuwa tudu, yana ɗaga duwatsu da tunani kawai, yana karanta zuciyar kowa. In zai yi tsalle, gwiwoyin dattijon ma sai su ɗaga. In ya faɗa rami, dattijon ya yi tsaki, ya dafe goshi da yatsu biyu, ko ƙarfin zai ƙaru.

Matarsa na tsaye kansa tsakanin akwatuna, tana zabga masa harara. Wannan zuciyar kam bai karanta ba.

Jirgi ya iso.

"Maigida," in ji ta, "da tunani za ka ɗauki akwatunan, ko da hannu?"

Ya ƙura musu ido sosai, kamar mai gwadawa. Sannan ya sunkuya.