Ƙyallen da na bari cikin aljihu

Ni dai shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, lissafi ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, muka rabu ba baram-baram ba. Amma a ƙauyenmu, can gefen Matankari, shekara uku ta isa mutum ya zama babban masani. In takarda ta zo ni ake kira. In juya ta sama da ƙasa, in faɗi abin da na gane, sauran in cika da abin da ya dace.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba kurkunu ya kwantar da ni. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah ya raba su da sani. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, tana huda fata ta leƙo a ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke, yau kaɗan, gobe kaɗan. In aka yi gaggawa ta tsinke, ƙafa ta zama turmi. Kuma ba ya zuwa da rani, lokacin da mutum ba shi da aiki sai gardama a gindin gawo. Sai ruwa ya sauka, haki ya taso, hauya na jiran mai ita. Damanar nan mai ɗakina ta yi noma ita kaɗai. Haki ya ci rabin gona, rumbu ya ƙare tun ba a shiga bazara ba.

Da na iya hawa jaki sai na nufi Dogon Dutsi wurin likita. Ya duba tabon, ya ce, “Ruwan tabki ne. Abin da ka sha bara shi ne ke fitowa bana. Ka samu ƙyalle mai saƙa sosai, ka tace ruwa kafin ka sha. Kai da ka yi lakwal, ka faɗa ma mutanenku.”

Ai kuwa ya ba kura ajiyar nama. Na dawo gida da wa’azi. Masu cewa iska ce na ƙaryata su, masu cewa taka sawun mai ciwo ne na yi musu dariya. Na ɗauki kallabin mai ɗakina na raba shi biyu, rabi a bakin tulu, rabi a aljihuna.

“Sabon kallabina?” in ji ta.

Na ce, “Ilimi ne, ba ki ganewa.”

“Ilimin bai ga rigarka ba sai kallabina?”

Damana ta gaba lafiya lau na yi noman fari. Ran da abin ya faru ina maimai, rana ta take, gorana ya ƙare. Na gangara tabki, sai ga wani Bahillace da shanunsa, wanda muka saba da shi, kowace shekara yakan kwantar da garkensa a gonata bayan girbi. Mu Arawa da Hillani taubasai ne, ba a haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba. Ya cika ƙwarya ya miƙo mini da hannu biyu.

“Sha, bawana. Ko da yake na ji an ce ka zama Nasara. Ruwan Allah ma sai ka tankaɗe shi kamar garin tuwo.”

Hannuna na cikin aljihu, yana kan ƙyallen. To amma ruwan da mutum ya ba ka da hannunsa, ka tace shi a gabansa? Ai ka ce masa ƙazami ke nan. Kuma in na fiddo ƙyallen, kafin kasuwa ta ci duk ruggagen ƙasar nan sun ji Ba’are na tsoron ruwa.

Na ce, “Ɗan kiwo, yaushe bawa ya fara ba ubangijinsa tsoro?” Na kafa kai na shanye. Shi ma ya ɗiba, ya juya mini baya kamar yadda Hillani ke yi, don ba su ci ba su sha a idon mutane.

Tun ban kai gona ba na fara jin abu na motsi cikin cikina. Ƙarya ce, na sani, likita ya ce sai shekara. Shekarar ce matsalar. Da a ce gobe zai fito, da na huta.

Ban faɗa ma kowa ba. Sai ma na ƙara ƙarfin wa’azi. Amma in sauro ya cije ni, sai in zauna in tasa wurin gaba. In ana hira, hannuna na kan idon sawu. Wajen alwala nakan daɗe a ƙafa har liman ya tambaya ko na samu wani sabon karatu ne. Na sha kanwa, na ci tafarnuwa har kaji suka daina zuwa kusa da ni. Na sake komawa Dogon Dutsi, na ce ma likita wani abokina ne ya sha ruwan tabki bisa kuskure.

Ya dube ni, ya ce, “Ka ce ma abokin naka abin da ya shiga ya shiga. Sai jira. Wataƙila ya fito, wataƙila a’a.”

Wataƙilar nan ta hana ni zama. Na yi sassabe tun mutane na sussuka. Na gyara hauya sau uku. Na yi binne, iri cikin busasshiyar ƙasa, tun babu ko gajimare, wai in riga kurkunu zuwa gona.

Ruwa ya sauka, hatsi ya tsiro. Kwana huɗu da fara noman fari, ƙurji ya taso a idon sawuna na hagu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na zauna bakin gona na dubi hakin da ya rage. Sannan na rarrafa gida na faɗa mata gaskiya.

Ta ce, “Ina rabin kallabina yake ranar?”

“Cikin aljihu.”

“To, aljihun dai ba zai yi kurkunu ba.”

Ina kwance a tabarma, tsinke ɗaure a ƙafa, sai ga Bahillacen da ƙwaryar nono, ya zo gaisuwa.

“Bawana, an ce kana kiwo kai ma? Guda nawa ka samu?”

Mai ɗakina ta kawo masa ruwa. Ya juya baya, amma da yake ina ƙasa sai na hango shi ta gefe. Ya jawo bakin rawaninsa ya shimfiɗa a kan ƙwaryar ruwan, ya sha ta cikinsa.

Na ce, “Kai! Mi kake yi?”

“Shan ruwa.”

“Da rawani?”

“Haka na ga tsohona na yi. Wa zai haɗiye abin da shanu suka dama, da ƙwarinsa da komi?”

“Ran nan a tabki ma haka ka yi?”

“Kullum.”

“Ka bar ni na sha haka nan!”

“Ina ni ina koya ma mai lakwal?”

Gona kuwa mai ɗakina ta kira gayya. Mutanen da na shekara biyu ina cika ma kunne suka zo da hauyoyinsu, suka nome ta cikin yini biyu. Ladan da suka ɗauka a jikina suka ɗauke shi: duk wanda ya zo shan fura sai ya tsaya kaina ya tambaya ko in ba shi aron aljihuna ya tace. Hatsi bai yi kamar na maƙwabta ba, amma ya kai mu shuka.

Da ƙafa ta warke, na fiddo ƙyallen na ɗaure shi a ƙotar hauya, inda kowa ke gani. Bahillacen ne ya fara ganinsa, a bakin tabki. Ya ce bawansa ya kafa tuta shi ma, ya samu mulkin kai. Ya cika ƙwarya ya miƙo. Na kwance ƙyallen a gabansa na tace, yana ta dariya har shanu suka ɗaga kai.