Ranar da Baba ya sa aka kwance Tanko

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi na Kiru. Abin da ya tayar mini da tunaninsa kuwa jikata ce. Ta dawo daga makaranta da wata kalmar Turanci, wai tana nufin sassauci ga mai laifi, tana so in ba ta misali. Ni ina na san Turanci? Amma misali kam ina da shi.

Da kakar wata shekara, kafin a ba mu mulkin kai, maƙwabcinmu Tanko ya cinna wa ciyawa wuta yana farautar gafiya. Iska ta juya, wutar ta faɗa gonarmu, inda dammunan dawarmu ke jibge ba a kai rumbu ba. Ko zangarniya ɗaya ba ta tsira ba.

Aka ɗaure Tanko a ƙofar dagaci, ɗan doka na tsaye zai wuce da shi gaban alƙali. Kowa ya san daga can sai gidan yari a Kano, ga 'ya'yansa ƙanana. A al'adar garinmu, ba a tafiya da mutum sai an ji ta bakin wanda aka yi wa ɓarna. Baba kuwa mutum ne mai zafin zuciya, har mu 'ya'yansa shakkarsa muke yi.  Wallahi na ɗauka duka zai kai wa Tanko.

Dagaci ya ce, "Malam Idi, ka yafe ko a tafi da shi?"

Baba ya dubi Tanko a ɗaure. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ban huce ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma a kwance shi. Gida ɗaya da yunwa ya isa."

Mun sha wuya a shekarar nan, rogo da tafasa muka yi ta ci. Inna ta yi ta mita, Baba kuma bai ko amsa gaisuwar Tanko ba sai da damina ta faɗi.

Yau da an kama mutum sai ka ji ana cewa a ƙone shi, tun ba a san laifinsa ba. Da Baba yana raye, na san tsaki zai ja ya koma zaure.

Bai bar mana dukiya ba. Abin da ya bari shi na faɗa wa jikata: mahaifina ya sa an kwance igiya alhali zuciyarsa na tafasa.