Wasiƙar Shaidar da Malam Obinna Ya Rubuta Mini

Duk ilimin da ɗan Adam ya tara, daga lissafin taurari har rabon gado, babu wanda ya kai wahalar amsa wannan 'yar tambayar: shi wanda ya rubuta wannan takarda, ina zuciyarsa ta karkata? Shekara bakwai ke nan da rasuwar mutumin da ya fi kowa iya amsa ta a Kano, wato Malam Obinna, kuma shekara shida ke nan ina jin haushinsa. Shekarar farko kam na yi ta ne ina kewarsa, kamar yadda ya kamaci aboki.

A Sabon Gari aka haife shi, mahaifinsa mai gyaran keken ɗinki ne, kuma Hausar da ke bakinsa ta fi ta wasu limaman da na sani daɗi. Ni ɗan Kwaciri ne, kakannina 'yan Barno. Tare muka buɗe aji a wani bene, saman shagon masu sayar da kayan mota, muna shirya yara masu neman gurbin karatun lauya a gida da waje. Ni ke koyar da nahawu da rubutu. Shi kuma nasa ɓangaren shi ne inda ake ba yaro rubutu mai sakin layi huɗu ko biyar, kan dokar filaye ko hukuncin wata kotu, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi. Tambayar da ta fi kayar da yara kuwa ita ce ta matsayin marubuci: goyon baya yake yi, ko shakka, ko raini, ko kuwa ba ruwansa?

Malam Obinna ba ya fara koyar da wannan a kan allo. Asabar ta farko, sai ya tasa sababbin ɗalibai a gaba zuwa Kantin Kwari. Ya sayi yadi ɗaya na shadda a wani shago, ya shiga na kusa da shi, ya shimfiɗa a kan tebur.

"Alhaji, duba mini wannan. A wajen maƙwabcinka na saya."

Alhaji zai murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta sama, ya ce, "Ai kuwa launinta ya fito. Kuma an naɗe ta da kyau."

Da an fito sai ya juyo ga yaran. "To, lauyoyin gobe, me Alhaji ya ce?"

"Ya yaba, Malam."

"Ya yaba launi da naɗi. Ya ce wani abu kan zare? Ya ce za ta jure wanki? Ɗan Kwari ba ya kushe kayan maƙwabcinsa, don gobe tare za su yi sallah. Sai ya nemo ƙaramin abu ya yaba, ya bar babban. Marubutan jarrabawarku ma haka suke. Ku dubi abin da aka tambayi mutum, sannan ku dubi abin da ya zaɓa ya yaba."

Na ji wannan darasi ya fi a ƙirga. Ni nake riƙe masa yadin ma.

A shekara ta goma sha ɗaya da buɗe ajin, ni ma sai abin ya taso mini. Na gaji da raka 'ya'yan mutane bakin ƙofa ina komawa. Wata jami'a a waje ta buɗe gurbi ga malamai masu son karanta shari'a, da tallafi, kuma shekaruna sun kai inda in ban nema a lokacin ba, shi ke nan. Suna son jarrabawa, suna kuma son wasiƙar shaida daga abokin aiki, a rufe, mai nema ba ya gani. Wa zan tambaya in ba shi ba? Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Bukar, kwantar da hankalinka. Zan rubuta gaskiya." Na yi masa godiya har sau biyu. Ba a ɗauke ni ba. Ya zo gida ya yi mini jaje da lemo a leda, muka koma aiki.

Bayan rasuwarsa, matarsa, Maman Chika, ta aiko mini da kwalin takardunsa. A ciki na tsinci kwafin wasiƙar. Ga abin da ta ƙunsa, in na mayar da shi Hausa: cewa ni mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci, rubutun hannuna a allo abin sha'awa ne, ɗalibai suna ƙaunata, iyaye sun amince da ni, kuma shi ba ya iya tunanin ajinmu ba tare da ni ba. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, na share hawaye. Na kai ta aka sa mata gilas na rataye a ajin.

Da shekara ta zagayo sai na ga ya dace in girmama shi da irin sana'arsa. Na cire sunaye, na buga wasiƙar, na raba wa ɗalibai a matsayin gwaji. Tambaya ɗaya ce: mene ne matsayin marubucin game da buƙatar mai nema? Na ba da zaɓi huɗu. Amsar da na tanada ita ce ta farko, cikakken goyon baya.

Kusan duk ajin suka zaɓi ta uku, wato ƙin amincewa cikin ladabi. Na fara yi musu faɗa a kan gaggawa. Sai Hajara, 'yar wani mai sayar da atamfa, ta ɗaga hannu.

"Malam, a gafarce ni. Karatun lauya mutumin yake nema, ko?"

"Haka ne."

"To ai ba a ce yana da kaifin tunani ba, ba a ce ya iya kafa hujja ba. Lauya ma ba a ambata ba ko sau ɗaya. An ce rubutunsa yana da kyau a allo." Ta sake duba takardar. "Kuma na ƙarshen nan, cewa yake yi ku bar mini shi. Malam, wannan ai launi da naɗi ne."

Ni na kai su Kwari a watan da ya gabata. Ni na riƙe yadin, ni na yi jawabin.

Na sallami ajin da wuri, na sauka, na bi Titin Ibrahim Taiwo a ƙasa har na wuce inda zan hau mota ban sani ba. Washegari na je wajen Maman Chika. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye ta ko ta san abin da ya rubuta.

Ta daɗe tana gyara ɗankwalinta. "Malam Bukar, sau uku ya rubuta ta yana yagawa. Ta farkon, da ka ga irin yabon da ya yi maka a ciki, da ka yi kuka da gaske. Ya ce mini, in Bukar ya tafi wa zai riƙe rabin ajin? Na ce masa ba kyau. Ya ce ai bai yi ƙarya ko ɗaya ba."

Bai yi ba kuwa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da ƙarya ya yi mini, da na ce shaiɗan ne ya rinjaye shi na minti biyar. Amma zama ya yi da basirar da na fi girmamawa a wurinsa, ya auna kowace kalma, ya tabbata masanan can za su gane, ni kuma ko na gani ba zan gane ba. A nan ma bai yi kuskure ba. Ya san ɗalibinsa.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yara suna loda rubutu a waya ta taƙaita musu, ta kuma gaya musu matsayin marubucin kafin su karanta layin farko. A dandalin sada zumunta kuwa ba sai an yi bincike ba, kowa da zagi yake buɗe baki. Ina jin zai yi tsaki ya ce an kashe sana'a, don mutanen da ba su iya ƙin abu cikin ladabi ba, ba su bar wa mai karatu aikin yi ba. Zan kuwa yarda da shi, kamar kullum, ina jin haushin yardar.

Me ya rage nasa? Lauyoyi da dama a garin nan da suke sauraron shaida suna lura da abin da ya tsallake. Hajara tana cikinsu. Akwai zuwa Kwari ranar Asabar, wanda ban fasa ba. Akwai wasiƙar, da na sauke daga bango amma ban yaga ba, domin har yau ban samu rubutun da ya fi ta koyar da darasin ba. Duk shekara ina raba ta, na dai gyara amsar. Ban yafe ba tukuna. Ina zuwa kabarinsa da Maman Chika in ta nemi rakiya, in tsaya daga gefe, in ce mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci.

Saura abu ɗaya da adalci ya ce in faɗa. Jami'ar ba ta buɗe wasiƙar kowa sai ta wanda ya ci jarrabawa. Ni kuwa ban ci ba, kuma a ɓangaren karatu da amsa tambayoyi na faɗi.