Zufar da Na Dafa wa Surukina

"Inna, wannan kika zuba min a shayi?"

Surukina ne, mijin autata, tsaye a ƙofar kicin da ledar busasshen ganye.

Na ce shi ne mana. Mutum yana ta tari kamar tsohuwar tirela, ga magani a gida, in zuba masa ido? Tun farkon sati nake dafa masa, yana sha yana santi.

Ya ce wa ya ba ni. Na ce matar nan 'yar Sham da na yi wa aikin gida a unguwar Safa, nan ƙasar Larabawa, kafin gwiwa ta zaunar da ni. Kirista ce, har yau in na leƙa ta sai ta haɗo ni da wani abu. Ta ce ganyen nan yana cikin littafinsu, da shi Bani Isra'ila suka shafa jini a ƙofofinsu a Masar, wani annabi kuma ya roƙi Allah ya wanke shi da shi.

Ina rufe baki ya sulale ya zauna a ƙasa. Wai ya gani a waya, wasu Turawa na cewa akwai wiwi a littafin Yahudu da Nasara, a cikin man da ake shafa wa manyan malamansu, shi ne ya ɗauka ganyen nan wiwi ne. Ni har yau ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani, shi direba ne a Madinar Masana'antu, kuma a satin za a gwada fitsarin direbobin sharikarsu, wato kamfaninsu. In aka ga wani abu, ba aiki, ba iƙama, takardar zaman ƙasa, sai a tasa ƙeyarsa a jirgi, in ma ba da kurkuku aka fara ba. 'Yata da goyo a baya ta fashe da kuka.

Ya ce, "Sunansa fa, Inna? Ba ta faɗa miki ba?"

"Ba ta faɗa ba. Ta ce dai zufa, zufa. Na ce yauwa, ai zufar nake nema, ita ke fitar da mura."

Matar ta tsinci Hausa kaɗan a bakina, sannu, yauwa, kai jama'a. Na ɗauka ta ƙaro ɗaya ne.

Muka kira ta, waya a kashe, ta tafi ƙasarsu. Ya miƙe wai zai zuba a banɗaki. Na fizge ledata na ce, "Ka zubar da wannan, na cikinka fa? Yalla, sa takalmi."

Na soke ledar a ƙugu, na ɗora abaya. Wane askari, ɗan sandan nan, zai tsaya laluben tsohuwa? Ya ƙi ɗaukar mota gudun kar a tsayar da mu a hanya, da ƙafa muka tafi cikin ranar nan, ni da gwiwata, har shagon aɗɗar a nan unguwarmu Madain Fahd, wani tsoho ɗan Yaman mai sayar da ganyayyaki da turare.

Muka jira sai da shago ya zama ba kowa. Na kwance leda. Tsohon ya ɗebi kaɗan, ya murza, ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Zufa."

Ni kuwa gumi na tsiyaya har wuya. Na ce, "Ina ruwanka da zufata? Kai ka tako daga gidanmu mu gani! Wai duk garin nan an koyi Hausa ne?"

Surukina a nan aka haife shi, Larabci a bakinsa yake. Ya ce, "Ya ammi, sunan ganyen muke tambaya."

"Zufa, ya waladi. Sunansa ke nan. Na tari ne." Ya jawo buhu daga bayan kanta ya buɗe, ga shi nan fal, irin nawa sak, a fili kowa na gani.

Surukina ya dafe kai ya zauna a kan buhun adas, ƙananan waken nan na Larabawa. Dariya ce ko kuka, oho. Ya ce, "Inna, kin kusa kashe ni."

"Tarin ne zai kashe ka, da wayar nan da kake kwana a ciki."

Duk da haka sai da ya sake tambaya ko zai fito a gwaji. Tsohon ya ce in dai haka ne, da rabin tsofaffin unguwar nan suna kurkuku. Nan take surukina ya kira 'yata ya ce halas, magana ta ƙare, ta share hawaye ta ɗora abinci.

Ranar gwaji na zauna a kan darduma ban iya ko karyawa ba. Bayan la'asar surukina ya shigo yana kaɗa makullin motar sharika. Ya ce ba a ga komai ba, an dai ce ya riƙa shan ruwa da yawa.