Fitilun Motar Alhaji Lawal

Malam Salifou ɗan maƙeran tagulla ne daga Damagaram. Da ya zo Greensboro a Amurka sai ya sami aiki a garejin Alhaji Lawal da ke McLeansville, yana gyaran birki da canjin mai.

Wata rana Alhaji Lawal ya jawo wata tsohuwar mota daga rumbun wani manomi. Ƙirar 1912 ce, mai kujera biyu, ba rufi, da hannu ake murɗa ta kafin ta tashi. Kamfanin Corbitt na garin Henderson ne ya ƙera ta, waɗanda suka fara da keken doki, suka ɗan taɓa ƙananan motoci, daga baya suka koma manyan motocin kaya. Fitilunta na tagulla duk sun ruɓe, ƙahon da ake matsawa ya yi ƙara ma babu.

Shekara huɗu Salifou yana kanta. Ya gina maƙera a bayan gareji, ya zuba sababbin fitilu da ƙaho da hannunsa, har wuta ta cinye masa farce biyu.

Ranar da aka baje tsofaffin motoci a Elm Street, wata 'yar jarida ta tambayi Alhaji wa ya yi wannan aikin tagulla.

"Duk na asali ne, haka na same su," in ji shi. Ya nuna Salifou da haɓa. "Wannan goge-goge kawai yake mana."

A gaban Yasmina, matar Salifou, aka faɗi haka. Ranar Litinin Salifou ya ajiye makullin gareji ya tafi.

Ya koma tuƙin motar kaya, amma duk Asabar yana laburare, yana bin tsofaffin hotuna da takardun kamfanin. Ya shiga ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Bayan shekara biyar suka naɗa shi alƙalin duba tagulla.

A gasar bara Alhaji ya kawo motar a matsayin mai kayan asali, ga wani mai saye ya taso tun daga Ohio. Da Alhaji ya hango wanda ke riƙe da takardar maki, sai ya matso ya rage murya.

"Malam Salifou, mu fa 'yan'uwa ne."

"To, Alhaji, matsa in duba."

Salifou ya bi kayan tagullarta ɗaya bayan ɗaya, yana faɗi da babbar murya. Fitilar dama ba ta asali ba ce, ta hagu ma haka, ƙahon kuwa a 2014 aka zuba shi. Shugabar alƙalai, Zipporah, ta tambaye shi yadda ya tabbatar.

"Ni na ƙera su," ya ce.

Aka cire motar daga gasa, mai saye ya juya. Tun daga ranar tana lulluɓe da tamfol a bayan gareji.

A hanyar gida daga gasar, Yasmina ta ce, "Aikinka fa ka kashe. Yanzu ka huce?"

"Da saura," in ji shi. "Na ji Alhaji yana neman wata tsohuwar motar a Virginia."